Yaron da Ya Ƙi Warkewa: Asalin Sana'ar Binciken Garkuwar Jikin Yara

Duk wanda ya buɗe littattafan likitancin yara da aka rubuta kafin Yaƙin Duniya na Biyu zai tarar da ƙyanda da tarin fuka da sanƙarau da gudawa, kowacce da babinta, amma da wuya ya ga inda aka ce akwai yaron da ake haifa ba shi da garkuwar jiki. Ana haihuwar irin waɗannan yara a lokacin, a Turai da Amurka da ko'ina, sai dai ba sa kaiwa yaye, kuma a tsakiyar dubban jariran da ciwon huhu ke kashewa babu mai tsayawa ya tambayi abin da ya sa wannan ɗaya ya fi sauran saurin faɗuwa. A rubuta sunan cutar da ta yi ajalinsa, a rufe takarda. Yau kuwa ƙungiyar masana garkuwar jiki ta duniya, a jerin da ta fitar a 2022, ta lissafa larurori 485 na gado da ke taɓa garkuwar jiki, ga kuma asibitoci da ɗakunan bincike inda mutane suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan aiki kaɗai. Tsakanin babu da 485 shekara saba'in ne kacal. Abin da tarihin shekarun nan ke nunawa, a ganina, shi ne sana'ar ta tsaya ne a kan wani irin mutum guda: likitan yara da bai yarda cewa yawan jinyar wani yaro rashin sa'a ne kawai ba, ya ɗibi jininsa ya tsallaka da shi daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin gwaji, ya dawo da amsa. Na'urori sun zo sun wuce, kowacce da zamaninta, shi kuwa mai ƙafa ɗaya a gefen gado ɗaya a gefen madubin likita har yau ba a sami wanda ya maye gurbinsa ba.

An fara ganin alamu tun da wuri. A 1937 wani likitan yara a Munich, Alfred Wiskott, ya rubuta bayanin 'yan'uwa maza uku masu zubar jini da ƙuraje a fata da kunne mai ruwa, dukansu suka rasu suna ƙanana, alhali 'yan'uwansu mata lafiya lau. Ya gane abin na gado ne, amma nan ya tsaya, don ba shi da abin aunawa, ba shi kuma da magani. Abubuwa uku suka sauya lamarin, biyu daga cikinsu yaƙi ne ya gaggauto da su. Fenisilin ya shiga hannun likitoci a tsakiyar shekarun 1940, sai yaron da a da ciwon huhu na farko zai tafi da shi ya zama yana tashi, ya koma gida, ya dawo bayan wata biyu da wani, ya sake tashi, ya sake dawowa, har likita ya haddace fuskarsa. A Jami'ar Harvard, Edwin Cohn ya ƙirƙiro hanyar rarraba ruwan jini kashi-kashi domin jinyar sojojin da suka zubar da jini, ɗaya daga cikin kason da ya fita kuwa shi ne gama-gulobulin, inda sinadaran kariya masu kama ƙwayoyin cuta suke taruwa. Na uku na'urar Arne Tiselius ce, ɗan ƙasar Suwidin, wadda ke bi da lantarki ta cikin ruwan jini ta jera furotin ɗinsa kowanne a layinsa. A asibitin sojoji na Walter Reed da ke Washington, Kanar Ogden Bruton yana duba wani yaro ɗan shekara takwas da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa har sau 19 cikin shekara huɗu da ɗoriya. Ya yi masa allurar rigakafi, jikin yaron bai amsa ba. Ya aika da jininsa aka bi da shi ta na'urar, layin gama-gulobulin ya fito wayam. Sai ya soma yi masa allurar gama-gulobulin na wasu mutane duk wata, jinya ta ɗauke. Ya buga rahoton a 1952. Na'urar tana nan a manyan asibitoci da dama a lokacin, yara masu irin wannan larura ma suna nan. Abin da Bruton ya ƙara shi ne shawarar aika wannan jini, kuma shawarar ta fito ne daga shekarun da ya yi yana kallon yaro ɗaya yana fita yana dawowa.

Wanda ya mayar da wannan dabara hanyar aiki shi ne Robert Good na Jami'ar Minnesota. Ra'ayinsa mai sauƙin faɗa ne: ba a iya cire wa ɗan Adam wani sashe na garkuwarsa don a ga abin da zai faru, amma akwai yaran da aka haifa a haka, kuma duk cutar da ke kama su tana faɗa maka aikin sashen da suka rasa, kamar bakanike da ke gane amfanin wani ƙaramin ƙarfe ranar da aka kawo masa motar da ƙarfen ya faɗi. Da wannan ido aka fara ganin wani abu mai ɗaure kai. Yara irin na Bruton bakteriya masu kawo mugunya ne ke addabarsu, amma yawancinsu sukan yi ƙyanda ko ƙarambau su warke kamar kowa. Jariran da likitocin Suwizalan suka bayyana, Glanzmann da Riniker a 1950 sannan Walter Hitzig a 1958, komai kashe su yake yi, har cututtukan da ba sa taɓa mai lafiya. Ashe garkuwar ba aba ɗaya ba ce. To ina rassanta suke, kuma daga ina suke tsirowa?

Amsar ta biyo ta wata hanya da ba wanda zai zata. Akwai wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji da ake kira taimus, babba a jariri, tana motsewa da girma. Likitoci sun daɗe ba su san amfaninta ba, har ma a farkon ƙarni na ashirin wasu suka riƙa haska ta da hasken ekis-re don su rage girmanta, bisa zaton ita ke shaƙe jarirai, abin da ya jawo wa wasu daga cikin yaran ciwon dajin maƙogwaro bayan shekaru. A 1961 Jacques Miller, yana aikin bincike a Landan, ya cire taimus daga jikin ɓerayen da aka haifa a ranar, ya ga sun tashi ba kariya, har fatar wani ɓera da aka dasa musu jikinsu bai ƙi ta ba. Shekaru kaɗan kafin haka, a Jami'ar Jihar Ohio, wani ɗalibin kiwon kaji mai suna Bruce Glick ya cire wa 'yan tsaki wata 'yar jaka da ke kusa da dubura, abokin aikinsa Timothy Chang ya ari kajin don nuna wa ɗalibai yadda jiki ke samar da sinadaran kariya, sai kajin suka ƙi samarwa. Babbar mujallar Science ta ƙi buga aikin, ya ƙare a mujallar masana kaji inda likitoci ba sa leƙawa, ya kwanta a can shekaru. Max Cooper, likitan yara daga Mississippi da ya zo koyon aiki wurin Good, shi ya haɗa zaren biyu, kuma abin da ya tura shi gidan kaji yara ne masu cutar Wiskott, waɗanda ya ga bairas na cinye su alhali jikinsu na samar da sinadaran kariya. Ya cire wa wasu 'yan tsaki taimus, wasu ya cire musu jakar, ya nuna a 1965 cewa fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit jinsi biyu ne, waɗanda yau kowane ɗalibin likitanci ya sani da ƙwayoyin T da ƙwayoyin B. A taron da ya gabatar da sakamakon a shekarar, Angelo DiGeorge na Philadelphia ya miƙe ya ce yana da jarirai da aka haifa ba taimus, kuma abin da aka gani a kaji shi ya gani a jikinsu. Ginshiƙin ilimin garkuwar jiki na zamani ke nan, kuma likitocin yara suna da babban hannu wajen kafa shi. An ba Cooper da Miller lambar yabo ta Lasker a kai a 2019, bayan fiye da shekara hamsin.

Daga nan sana'ar ta ɗauki siffar da take da ita har yau. Mutum ya gama karatun likita, ya ƙware a jinyar yara, sannan ya je ya zauna shekaru a gaban wani babba yana koyon aikin ɗakin gwaji da albashin da bai kai na sa'o'insa da suka buɗe asibiti ba. Shi ya sa tarihin fannin silsila ne. Good ya yaye Cooper da Richard Gatti da wasu da yawa. A Boston, Charles Janeway ya miƙa wa Fred Rosen. A asibitin Necker na Faris, Claude Griscelli ya kafa sashen, Alain Fischer ya gaje shi, Jean-Laurent Casanova ya taso a hannunsu. Cibiyoyin ba su da yawa, kuma dole su san juna, domin likita ɗaya na iya yin shekara goma bai ga irin wata larura sau biyu ba, sai ya rubuta wasiƙa ya tambayi wanda ya taɓa gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara su a 1970 don su daidaita sunayen cututtukan, kwamitin nan ne kuma asalin jerin da ya kai 485. Mata sun yi rawar gani a fannin fiye da yadda aka saba a likitancin wancan zamani. Eloise Giblett, wadda ke aiki a bankin jini na Seattle, an aiko mata da jinin wata jaririya a 1972 don ta taimaka a zaɓi wanda zai ba ta ɓargo, sai ta lura wani sinadari mai suna ADA babu shi sam a jinin. Wani zai ce kuskuren gwaji ne ya zubar. Ita ta bi sawu, ta sami yaro na biyu, ta zama ta farko da ta danganta rashin garkuwa da rashin sinadari guda takamaimai. Rebecca Buckley ta Jami'ar Duke ta shafe shekaru arba'in tana dasa wa jarirai ɓargo tana bin rayuwarsu har suka girma suka haifi nasu.

Dashen ɓargo kansa a nan ya fara cin nasara tsakanin mutane biyu da ba tagwaye ba. A 1968 Gatti da Good suka ɗebi ɓargon wata yarinya 'yar shekara takwas suka sa wa ƙanenta ɗan wata biyar, wanda danginsa suka riga suka binne yara maza da dama da wannan larura, ya rayu ya girma. A shekarar dai Fritz Bach ya yi wa wani yaro mai cutar Wiskott irin wannan dashe a Wisconsin. Dalilin da ya sa aka fara da su a fili yake: jaririn da ba shi da ƙwayoyin T ba shi da abin da zai ƙi baƙon ɓargo da shi.

Suka ta farko da ake yi wa wannan sana'a tsohuwa ce, kuma ba ta wauta ba ce. Mafi tsananin waɗannan larurori, wadda jariri ke rasa ƙwayoyin T gaba ɗaya, tana samun kusan jariri ɗaya cikin 58,000 a Amurka. Me zai sa a ware ƙwararrun likitoci da miliyoyin daloli a kan abin da babban asibiti ke gani sau ɗaya ko biyu a shekara? Amsar da aka saba bayarwa ita ce kowane rai rai ne, gaskiya ne kuma, amma ba ta gamsar da mai rabon kasafin kuɗi. Tarihin yana da amsa mafi ƙarfi. A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke lalacewa a cutar Bruton, aka sa mata suna BTK. Tunda rashinta na hana ƙwayoyin B girma, sai masu harhaɗa magani suka ce to a toshe ta da gangan a jikin wanda ƙwayoyin B ɗinsa suka zama ciwon daji. Maganin ibrutinib ke nan, wanda Amurka ta amince da shi a 2013, yanzu kuma yana cikin manyan magungunan wata sankarar jini da ta fi kama tsofaffi. A 1995 aka gano jarirai marasa garkuwa saboda lalacewar JAK3, daga nan aka bi aka samar da tofacitinib na amosanin gaɓɓai a 2012. Da ƙanjamau ta ɓulla a farkon shekarun 1980, waɗanda suka fara cewa tana kama jarirai su ne Arthur Ammann a San Francisco, James Oleske a Newark da Arye Rubinstein a Bronx, dukansu likitocin yara da suka san kamannin rashin garkuwa na gado har suka iya rantsuwa cewa wannan daban ne. Rahoton Ammann na ƙarshen 1982 a kan jaririn da ya kamu bayan ƙarin jini yana cikin hujjojin farko cewa cutar na bin jini. A 1996 aka gano, daga wasu yara huɗu na tsibirin Malta da wata jaririya da aka duba a Faris, cewa lahani a hanyar sinadarin intaferon-gama ne ke sa dangin ƙwayar tarin fuka su fi ƙarfin jiki. Wannan layin bincike ne ya kai ga sakamakon 2020, lokacin da ayarin Casanova ya nuna kusan kashi goma cikin ɗari na waɗanda korona ta kai bakin mutuwa suna ɗauke da sinadaran kariya masu yaƙar intaferon ɗin jikinsu. Kyautar Nobel ta likitanci ta 2025 ma, wadda aka ba Mary Brunkow da Fred Ramsdell da Shimon Sakaguchi, wani ɓangare na hujjarta ya fito ne daga yara maza 'yan ƙalilan da garkuwarsu ke cin jikinsu saboda lalacewar FOXP3. Idan da yawan masu amfana ake auna sana'a, to sai a ƙirga da waɗannan duka.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na jin ana iya wanke ta gaba ɗaya. Mutumin da yake likita kuma mai bincike yana da buƙata biyu a wurin yaro ɗaya, ba kullum suke tafiya tare ba. David Vetter shi ne shaida. An haife shi a Houston a watan Satumba na 1971, bayan wansa ya rasu da wannan larura yana ɗan wata bakwai. Likitoci sun shirya tun kafin haihuwa, aka ciro shi ta tiyata aka sa shi nan take cikin wani tanti na roba da ba ƙwayar cuta a ciki, da fatan za a dasa masa ɓargon yayarsa. Ɓargon bai dace ba, kuma ba wanda ya tanadi abin da za a yi idan hakan ta faru. Ya zauna a ciki shekara goma sha biyu, ba a taɓa shi sai ta safar roba, hukumar NASA ta ɗinka masa rigar 'yan sama jannati a 1977 ya sa ta 'yan lokuta kaɗan. A ƙarshen 1983, da aka sami dabarar tace ɓargon da bai dace ba, aka dasa masa na yayar tasa. Akwai bairas ɗin Epstein-Barr a ɓoye cikin ɓargon, wanda aka fara ganowa a 1964 a ƙarin da Denis Burkitt ya bayyana a jikin yaran Yuganda, ya haifar masa da ciwon daji, ya rasu ranar 22 ga Fabrairu 1984. Ƙwayoyin jikinsa da aka adana sun taimaka wajen gano ƙwayar gadon cutar a 1993, amma wannan bai biya shi komai ba. Ga kuma abin kunyar 1974 a cibiyar Sloan-Kettering da Good ke shugabanta, inda wani ma'aikacinsa, William Summerlin, ya shafa wa farin ɓera baƙin alƙalami ya ce dashen fata ne ya kama. Gaggawar suna da neman kuɗin bincike ba su bar wannan sana'a ba don kawai yara take jinya.

Abin da za a iya cewa shi ne fannin ya nuna yana iya gyara kansa a bainar jama'a. Gwajin farko da hukuma ta amince da shi na gyaran ƙwayoyin gado a jikin mutum an yi shi ne ranar 14 ga Satumba 1990 a Amurka, a kan yarinya 'yar shekara huɗu mai rashin ADA ɗin nan da Giblett ta gano. A 2000 Fischer da Marina Cavazzana suka ba da rahoton jarirai masu irin cutar Vetter da aka gyara wa ɓargonsu na kansu suka koma gida lafiya. Bayan shekara biyu sankarar jini ta fara fitowa. Cikin yara 20 da aka yi wa aikin a Faris da Landan, biyar suka kamu a shekarun farko, ɗaya ya rasu, domin bairas ɗin da aka yi amfani da shi wajen shigar da gyaran ya sauka kusa da wata ƙwayar gado mai tayar da ciwon daji ya kunna ta. Masu aikin da kansu suka dakatar da gwajin, suka binciko dalilin suka buga, aka sake fasalin bairas ɗin, har asibitin St. Jude na Memphis ya ba da rahoton jarirai takwas da sabuwar hanya ta yi wa aiki a 2019. Darasin Vetter kuwa ya koma gwajin ɗigon jini daga dugadugan jariri, bisa dabarar da Jennifer Puck ta fito da ita. Jihar Wisconsin ta fara a 2008, zuwa ƙarshen 2018 duk jihohin Amurka 50 na yi, domin an nuna jaririn da aka dasa wa ɓargo kafin ya cika wata uku da rabi, cuta ba ta riga ta kama shi ba, fiye da kashi 90 cikin ɗari suna rayuwa. Iyaye suna da hannu babba a wannan, musamman gidauniyar da Vicki da Fred Modell suka kafa a 1987 bayan rasuwar ɗansu Jeffrey. Tsugune dai ba ta ƙare ba, don maganin Strimvelis na rashin ADA, wanda aka ƙirƙiro a Milan Turai ta amince da shi a 2016, kamfanoni biyu sun riƙe shi sun saki saboda ba riba, sai gidauniyar agaji ta Telethon ta Italiya ce ta karɓe shi a 2023 don kada ya ɓace.

Suka ta uku ita ce wadda mai karatu a Kano ko Maraɗi zai fi ji a ransa. A ƙasar da fiye da yaro ɗaya cikin goma ba ya kaiwa shekara biyar, inda zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa ke yin ɓarnar, maganar cutar ɗaya cikin dubu hamsin ai kamar almubazzaranci ce. Wajen rabon kuɗi mai wannan magana yana da gaskiya: gidan sauro da rigakafin ƙyanda da abinci su ne a gaba, ba gardama. Amma halin da muke ciki shi ne ainihin halin Turai kafin 1945, inda mutuwar gama-gari ta rufe ta musamman. Ana haihuwar jarirai kusan miliyan bakwai a Nijeriya duk shekara, ko da adadin Amurka aka ɗauka lissafin ya haura jarirai 100 masu mafi tsananin larurar kaɗai. Akwai dalilin zaton ya fi haka a inda auren zumunci ya yawaita, domin da yawa daga cikin cututtukan sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar a ɓoye suke fitowa, kamar dai sikila, shi ya sa asibitocin Maroko da Tunisiya da Turkiyya da Iran suka zama manyan wuraren gano sababbi. Hausawa sun daɗe da sanin gidan da 'ya'ya ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya, har suka kira uwar wabi, suka raɗa wa na baya Ajuji ko Ayashe. Sikila da zazzaɓi ne bayanin da yawa daga cikin irin waɗannan gidaje, sikila ma ta hanyar garkuwa take kashe ƙananan yara da yawa, don tana lalata saifa ta buɗe ƙofa ga irin ƙwayoyin cutar da suka addabi yaron Bruton. Sai dai gidan da aka gwada ba sikila, ba ƙanjamau, amma maza na tafiya kafin shekara, ko 'yan'uwan uwa maza sun tafi haka, tambayar Wiskott ce ke tsaye a ƙofarsa. Neman dalili kuwa bai taɓa karo da yarda da ƙaddara ba, tunda ba wanda ya ce gwajin jini kafin aure ya karo da ita.

Ilimin garkuwar jikin yara ba baƙo ba ne a Arewa. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu sun nuna yadda zazzaɓin cizon sauro ke rage amsar da jikin yaro ke ba rigakafi, da yadda ƙyanda ke danne garkuwa, musamman a jikin mai tamowa, kuma duniya ta karanta ta yi amfani da shi. Wannan rashin garkuwa ne na ɗan lokaci da cuta ke kawowa, amma ido ɗaya ne ke ganinsa da na gado. Akwai ma dalilin da ya shafi rigakafi kai tsaye. Allurar BCG da ɗigon shan inna da ake ba jariri ranar haihuwa rayayyun ƙwayoyi ne da aka raunana, suna kare kusan kowane yaro, amma jaririn da ba shi da ƙwayoyin T suna iya zame masa cuta, wanda ba ya samar da sinadaran kariya kuma yana iya daɗewa yana fitar da ƙwayar shan inna a bayan gida, kamar wani mutum a Ingila da ya yi kusan shekara 28 yana fitar da ita. Wannan ba hujjar guje wa rigakafi ba ce ko kaɗan, don irin wannan yaro ba abin da ke tsare shi kamar a ce duk yaran unguwarsu an yi musu. Hujja ce ta samun likitan da zai gane shi, ya kuma gargaɗi iyaye kafin haihuwa ta gaba. Ƙungiyar Afirka ta masu wannan aiki an kafa ta ne a Kasablanka a 2008, kuma har yanzu mafi yawan yaran da ke cikin rajistar nahiyar daga arewacinta ne da Afirka ta Kudu.

Wasu na ganin na'urar karanta ƙwayoyin gado ta kawo ƙarshen zamanin likita mai ƙafa biyu, tunda yanzu ana iya aika ɗigon jini ta jirgi a karanto komai cikin 'yan kwanaki. Na'urar takan fitar da dubban bambance-bambance a jikin kowane mutum, mai lafiya da maras lafiya, sai an sami wanda ya san yaron, ya san cutar da ta kama shi da wadda ta ƙyale shi, kafin a nuna wanne ne mai laifi, sannan a koma ɗakin gwaji a tabbatar. Matsalar ta fi tsanani ga ɗan Afirka, domin rumbunan bayanan da ake kwatantawa da su mafi yawansu na Turawa ne, alhali mutanen Afirka sun fi kowa yawan bambancin gado, sai abin da yake gama-gari a Katsina ya fito wa kwamfuta a matsayin baƙon abu. Matakin farko kuma ba ya buƙatar na'urar. Ƙidayar fararen ƙwayoyin jini da ake yi a kowane babban asibiti tana nuna ƙarancin limfosayit idan mai dubawa ya tuna cewa adadin jariri ya ninka na babba, don haka abin da ya yi daidai a takardar babba yana iya zama alamar haɗari a ta jariri. Sauran kuwa tambayoyi ne da ake yi wa uwa: yara nawa aka rasa a gidan da kuma danginta, suna da wata nawa, cibiyar wannan ta wuce wata ba ta faɗi ba, farin da ya lulluɓe masa harshe ya ƙi jin magani, wurin allurar kafaɗa ya zama gyambo.